Juwairiya Mai Gumi da Gishirin Keana

Juwairiya Mailafiya shekararta arba'in da huɗu, matar aure ce mai 'ya'ya uku, tana zaune a Azuba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ita ce mai cewa a sauke a rumfar gumin shinkafa ta Alhaji Baffa, bayan injinan casa na Lafia.

Aikin nata ba shi da suna a takarda. Kafin a kai shanshera inji, sai an jiƙa ta ta kwana, da safe a zuba ta a duro, a hura wutar buntu a ƙasa, a rufe bakin duron da buhu, tururi ya ratsa ta. Akwai wani ɗan lokaci da ɓawon ƙwayoyin sama ke fara buɗe baki. In aka sauke kafin lokacin, shinkafar za ta fito daga inji da farin tabo a tsakiya, tana kakkaryewa. In aka wuce shi, ta yi duhu ta dunƙule, 'yan kasuwa su taɓe baki su matsa gaba. Tsakanin biyun bai wuce tsawon alwala ba. Duro goma sha biyu ne a rumfar, layi biyu, mata tara ke hura wuta da kwasa da shanya, amma mace ɗaya ke tsayawa a tsakiya tana kallo. In ta nuna duro da haɓa ta ce a sauke, ba mai tambaya.

Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne, idon nan da rumfa ta jingina da shi, in an bar shi yadda ya zo duniya, ba ya ganin abin da ya wuce taƙi ɗaya daga hanci.

A Keana aka haife ta, a gidan masu dafa gishiri. Ta taso tana tsammanin haka duniya take ga kowa. Mutane kan taho mata kamar shuni da aka ɗiga a ruwa, sai sun matso sosai su tattaru su zama wane ko wance. Farin wata a wurinta ya kai faifai uku, kuma ba shi da gefe. Filin da mata ke shanya ƙasar gishiri da safe fari ne guda ɗaya, kamar gajimare ya gaji ya sauko ya kwanta, muryoyi suna yawo a cikinsa ba jiki. Ta san 'yan unguwa da takunsu da tarinsu, ba ta taɓa jin ta rasa wani abu ba. A makaranta malami ya ce ba ta da kai, tunda ba ta kwafar abin da ke kan allo. Ta yarda da shi, ta bari a aji huɗu, ta koma bakin tukunyar mahaifiyarta, Iya Rabi.

Sai da ta yi aure ta zo Lafia aka gano. Mijinta Rilwanu, mai gyaran injin ban-ruwa, ya tarar da ita wata safiya ta rusuna tana gaishe da buhun gawayi da aka jingina a zaure. Ya yi dariya har ya zauna, sannan ya ɗauke ta a babur aka je aka auna idon, aka yanka mata tabarau mai kaurin gindin kwalba. A hanyar dawowa ta ga ashe mangwaro ganye ɗaiɗai gare shi. Tana da shekara ashirin da uku. Ta ce abin ya ɗan ba ta tsoro, don duniya ta zo mata da tsini da gefe a ko'ina, har fuskar Rilwanu ta ga tana da zane-zanen da ba ta san da su ba.

A rumfar gumi da hura wuta ta fara. 'Yar masu gishiri ce, ta san tururi tun tana goye, ta san yadda yake sauya nauyi in abin da ke cikin tukunya ya kusa juyawa. Ba a daɗe ba aka tsayar da ita a tsakiya. Matsalar tabarau ce. Duk lokacin da aka ɗaga buhu, gilashin ya yi fari fat, sai ta cire ta goge da bakin mayafi, kafin ta mayar wani duron ya wuce. Shekara biyar tana wannan goge-goge, har Vera, wadda ta fi kowa daɗewa a kwasa, ta sa mata suna Madam Waifa, wato abin goge gilashin mota.

A 2019 wata likitar ido mai suna Erdoo ta buɗe ɗan asibiti a kan titin Jos. Ita ta nuna wa Juwairiya kontak: ɗan madubi mai laushi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kamar jiƙaƙƙen ɓawon kifi, ana ɗora shi a kan baƙin ido. Da yamma a cire, a sa a ɗan kwano mai ɗaki biyu, ya kwana cikin ruwansa na kwalba, duk wata a canza sabo. Kwana huɗu ta yi tana koyon taɓa idonta ba tare da ta runtse ba. Safiyar da ta fara shiga rumfa da shi, aka ɗaga buhun farko, tururi ya taso, ta jira bangon nan fari ya rufe ta, bai zo ba. Tururin ya wuce ta gefen fuskarta a hankali kamar ana warware farin yadi, ta hango ƙwayoyin shanshera a bayansa ɗaya bayan ɗaya, har na duron ƙarshe. Ta tsaya tana ta kallo, sai da Vera ta taɓa ta.

Shekara biyu zuwa uku abin ya tafi lafiya. Da ta haura arba'in, ido ya fara bushewa. Da safe lafiya lau, wajen ƙarfe goma sai ta ji kamar an barbaɗa mata yashi a ƙarƙashin fatar ido, kontak ɗin ya manne, fitilun duniya su yi gashi. Ta koma wurin likita.

Dakta Erdoo Tibi ce, Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta leƙa idon da na'ura ta ce, “Maman Mutmainna, ido naka ya bushe kamar kilishi. Hawaye yana da ɗan mai a sama, shi ke hana shi tafiya. Wuta da hayaƙi suna lashe man. Kuma mai kallon duro goma sha biyu yana manta ƙiftawa.”

Ta canza mata wani irin kontak da ya fi riƙe danshi, ta ba ta maganin ɗigawa, ta ce ta riƙa ɗora tsumma mai ɗumi a kan ido safe da yamma, ta riƙa ƙiftawa da gangan. Juwairiya ta ɗauki kwalbar ruwan jiƙawa ta juya ta, ta tambayi abin da ke ciki.

“Ruwan gishiri ne,” in ji likita, tana rubutu, “da wasu magunguna.”

Rabin farko na maganar ya zauna mata a rai. Rabi na biyu bai zauna ba.

An samu sauƙi amma ba a rabu ba. A watan Agustan bana Iya Rabi ta zo Lafia ganin likitan gwiwa, ta sauka a Azuba da tsarabar da ta saba, ƙullin gishirin da ta dafa da hannunta. Da la'asar tana zaune a tabarma ta ga 'yarta ta dawo da jajayen idanu, ta cire kontak, tana zuba masa ruwa ɗigo-ɗigo.

“Me ke cikin kwalbar nan da kike lallaɓa ta kamar jinjiri?”

“Likita ta ce ruwan gishiri ne, Iya.”

“Gishirin ina?”

“Na kamfani.”

Iya Rabi ta daɗe tana kallonta. “Ki fito daga cikina, ki je ki sayi ruwan gishiri a kwalba. Shekara hamsin ina bakin tukunya, hayaƙi ya taɓa hana ni zura zare a allura? A gidanmu in ido ya yi zafi, ɗan tsunkule na gishirinmu a ruwan ɗumi, a wanke, a koma aiki. Wannan na kamfani an wanke masa rai. Shi ke busar miki da ido.”

Ba da ganganci Juwairiya ta yi abin da ta yi ba. Da duk iyawar gidansu ta yi shi. Ta tafasa ruwa, ta narka gishirin, ta tace a farin ƙyalle ninki uku, tana ɗanɗanawa a harshe tana ƙara ruwa, har sai da ya yi daidai da ɗanɗanon hawaye. Ta wanke kwalbar zuma ta zuba, ta ture ta kamfani bayan madubi. Daga ranar kontak ɗinta a ruwan Keana yake kwana.

Makon farko ta ce ta ji sanyi a idon. Ko gaskiya ne ko zuciya ce, ita ma yanzu ba ta rantsewa. Abin da ta tabbatar shi ne, in ta buɗe kwalbar da asuba wani ƙamshi na ƙasa da toka yakan taso, sai ta ji kamar tana shiga rumfa da garinsu a cikin ido. A kwana na tara idon hagu ya yi ja. Ta ci gaba da zuwa aiki kwana biyu, don an sauke mota guda ta tsohuwar shanshera kuma an riga an jiƙa. A kwana na goma sha ɗaya hasken rana ya zama allura. Rilwanu ya ɗora ta a babur, ta rufe fuska da mayafi har titin Jos.

Likita ta daɗe a kan na'ura. Sannan ta ɗago.

“Me ka sa a ido?”

Juwairiya ta fito da kwalbar zuma daga jaka, ta ajiye a tebur. Ko a lokacin akwai sauran alfahari a hannunta. Ta yi bayanin tafasawa da tacewa ninki uku.

Dakta Erdoo ta ɗaga kwalbar ta duba ta a haske. “Gishirin yana da kyau,” in ji ta. “A miya.” Ta ajiye. “Wanke ido sau ɗaya daban, jiƙa kontak daban. Kontak kamar soso ne, yana kwaso ƙwayoyin cuta duk yini. Ruwan kamfani yana da abin da ke kashe su. Naka babu. Kwana goma sha ɗaya kana kiwon su a kwano, da safe ka ɗora su a ido, kuma busasshen ido ba shi da hawayen da zai kore su.”

Gyambo ne ya fito a kan baƙin idon hagu. Aka rubuta magani na ɗigawa duk awa. Juwairiya ta tambayi yaushe za ta mayar da kontak.

“Manta da shi tukuna.”

“Har yaushe, Dakta?”

“Sai na ga abin da gyambon zai bari.”

Bayan mako guda Alhaji Baffa ya zo dubiya. Ya zauna a zaure da Rilwanu, ita tana daga bayan labule. Ya yi addu'a, ya tambayi jiki, sannan ya gyara murya.

“Ba zan ɓoye miki ba, Juwairiya. Usaina mai hura wuta na tsayar a wurinki, a sati ɗaya ta ƙona mini duro uku. Yanzu aiki kaɗan ne, ana iya haƙuri. Sabuwar shinkafa za ta shigo farkon Nuwamba. In kin dawo kafin nan, wurinki ne. In ba ki dawo ba, akwai wata mata daga Doma da ake yabon idonta, dole in kira ta.”

“Na ji, Alhaji,” in ji ta. “Allah ya kai mu.”

Makonni shida ta yi a ɗaki, taga a rufe da zane, ko tabarau ba ta iya ɗorawa don haske. Duniya ta koma mata yadda ta baro ta a Keana. Ƙofa ta zama dogon fari mai numfashi. 'Ya'yanta suna shigowa kamar launi, ta gane su da taku. Ruwan sama a kan kwano ya riƙa zuwa mata da hotuna, ta ga layin duro suna tafiya a kan kogi, kowane da farin rawaninsa na tururi, ba mai cewa a sauke, suna ta tafiya. Ta yi mamakin yadda hazon nan bai dame ta ba. Har daɗi ta ji a cikinsa, irin daɗin tsohon zane. Abin da ke tashin ta daga ciki shi ne tunanin wata baƙuwa tsaye a tsakiyar rumfa tana nuna duro da haɓa.

Iya Rabi ta fasa komawa gida. Ita ke riƙe da agogon waya, duk awa ta zo ta buɗe idon da yatsunta masu kaushi ta ɗiga magani. Ba ta taɓa cewa a yafe mata ba. Sau ɗaya kawai, tana rufe kwalba, ta ce, “Ni ban san abin kwana yake yi a ciki ba.” Kwana da kwanaki kuma miyar da take yi ba gishiri, kowa ya ci hakanan, sai da Rilwanu ya ajiye cokali ya ce, “Iya, a tukunya ai bai yi wa kowa laifi ba.”

Tsakiyar Oktoba gyambon ya warke. Ya bar 'yar hakiya kamar ƙwayar gero, Allah ya sa a gefe take, ba a tsakiyar gani ba. Likita ba ta ce komai a kan kontak ba, Juwairiya ma ba ta tambaya ba. Ta ɗauki tabarau ta tafi rumfa gwaji.

Vera ta tarbe ta da hannu a ƙugu. “Madam Waifa don kom bak, ta dawo! Kawo gilashin nan in goga masa sabulu, direbobi haka suke yi in ruwa ya kama su.”

Sabulun ya yi aiki na kwatan awa, sannan gilashin ya koma fari. Kafin azahar duro biyu sun wuce. Juwairiya ta tsaya a bakin tamfol tana kallon shinkafar da ta yi duhu, ta ɗebi kaɗan ta murza a tafi, ta zubar. Washegari tana titin Jos tun kafin a buɗe ƙofa.

“In don ta ni ce,” in ji Dakta Erdoo, “ka bar bakin wuta.”

“In na bar bakin wuta, Dakta, me ya rage? Aji huɗu na yi.”

Likitar ta sake duba idon, ta ɗiga wani ruwa mai launi, ta ƙirga daƙiƙa nawa hawaye ke yi kafin ya tsage. Sannan ta jawo takarda. Akwai kontak na yini ɗaya, in ji ta, a buɗe sabo da safe, a cire a yar, ba kwano ba jiƙawa. Daga Abuja za a aiko, kuma ya fi tsada. Awa biyar kawai za ta sa shi a yini. Duk awa ta ɗiga hawayen kwalba, irin na 'yan ƙananan robobi da ake karya kai a yar. Ta riƙa tsayawa inda iska ke bugun bayanta, hayaƙi ya yi gaba. In ido ya yi ja ko kaɗan, ta cire ta zo.

“Awa biyar, ba biyar da rabi ba. In na ji ka jiƙa shi, ko a ruwan sama ne, ni da kaina zan je rumfar in kama ka.”

Awa biyar ba ta kai yinin rumfa ba, don a kaka sai ƙarfe biyu ake kashe wuta. Juwairiya ta kwana biyu tana juya abin, sannan ta sami Alhaji Baffa a bakin inji. Ta ce a riƙa hura wuta ƙarfe shida maimakon bakwai. Ita za ta tsaya har sha ɗaya, Usaina a gefenta tana koyo, daga nan Usaina ta ƙarasa.

“Usainar da ta ƙona mini duro uku?”

“Ba wanda ya nuna mata, Alhaji. An tsayar da ita ne kawai. Ni ma shekarata ta farko na ƙona, ba ka nan ne, kana Makka.”

Alhaji ya shafa gemu. Ya ce matar Doma yini cikakke za ta yi. Juwairiya ta ce haka ne, kuma ranar da matar Doma ta kwanta ciwo, rumfa za ta sake zama ba ido. Ya ce zai gwada sati biyu, in shinkafa ta fito da tabo, magana ta ƙare.

Talatar da ta wuce motar farko ta sabuwar shanshera ta iso daga Adogi, aka jiƙa. Ranar Laraba Juwairiya ta wanke hannu da sabulu a bakin rumfa, ta ɓare sabon kontak guda biyu, ta ɗora. Ƙarfe shida tana tsakiyar rumfa, iska a bayanta. Sabuwar shinkafa tururinta ya fi kauri, yana da ƙamshin ɗanyar ciyawa. Ta gefen hagu in haske ya bugo, 'yar hakiyar takan ja wani siririn hazo, sai ta ɗan karkata kai. Kafin ta ce a sauke kowane duro, takan tambayi Usaina a hankali me ta gani.

“Sun fara buɗewa, Yaya.”

“Na gefe ko na tsakiya?”

“Na gefe.”

“Na gefe maƙaryata ne, sun fi kusa da ƙarfe. Jira na tsakiya.”

Duro goma sha tara ta sauke a safiyar. Da rana aka kai samfurin farko inji, ya fito ba tabo, Alhaji ya murza a tafi, ya zuba a aljihu.

Jiya Alhamis ma haka aka yi. Ƙarfe sha ɗaya wayarta ta yi ƙara a ƙugu, saura duro bakwai a kan wuta. Ta fita bayan rumfa ta wanke hannu, ta cire kontak ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta jefa a garwashi, ta ɗiga magani, ta mayar da tabarau. Ta sami buhu nesa da tururi ta zauna. Aka ɗaga murfin duro na gaba, Usaina ta leƙa, sannan ta waiwayo tana neman fuskarta.

“Ba ni za ki kalla ba,” in ji Juwairiya. “Duro za ki kalla.”

Ta juya buhun ta ba rumfar baya.